Bel a Kujerar da Babu Kowa

Da hantsi aka kira Sufeto cewa mota ta kaɗe wata mata mai sharar titi, ta mutu nan take, motar kuma ta gudu. Ya isa wurin ya tarar da titi miƙe sambal, rana tas, babu ko alamar jan birki a kan kwalta. Ransa ya ɓaci, don ya san wanda ya yi wannan aika-aika ba hanya yake kallo ba.

Kafin azahar sai ga wani dattijo ya kawo kansa caji ofis da farar mota, gabanta a lotse.

"Ni na kaɗe ta, ranka ya daɗe. Direban ƙanena ne ni, shi ma'aikacin safiyo ne, mai auna filaye."

"Kai da wa a motar?"

"Ni kaɗai."

Sufeto ya daɗe a aikin nan, ya san mai laifi ba ya zuwa da magana a shirye kamar hadda. Idan ya rubuta wannan bayani ya sa hannu, dattijon nan a kurkuku zai ƙare rayuwarsa, mai laifin kuma yana gida yana shan iska. Ya sa Kofur ya buɗe motar.

A gilashin gaba akwai maƙalin na'urar nuna hanya, amma ita na'urar tana cikin durowa, naɗe da tsumma.

"Da wannan kake tuƙi?"

"Kullum. Tana gaban idona, tana faɗa mini kwana da baki."

"Yau fa?"

Dattijo ya sunkuyar da kai. Sufeto ya leƙa kujerar gefen direba, ya ga bel ɗinta a ɗaure, ga wayar caji tana lilo.

"Baba, ka ce kai kaɗai ne. Aljani ka ɗaura wa bel?"

Sai hawaye suka zubo wa dattijo. Wannan ya ƙara tunzura Sufeto.

Ofishin Safiyo na hawa na biyu, da sanyin na'ura da taswirori a bango. Ƙanen dattijon ya tarbi Sufeto da Kofur da fuskar jimami irin ta haya.

"Yaya ya cuce ni. Kullum ina ce masa ya rage gudu. Ni tun safe ina nan."

Sufeto ya haɗiye abin da ya taso masa, ya zauna, ya saki fuska.

"Ƙaddara ce. Af, tunda kai masani ne, ba ni shawara. Na'urar nuna hanya nake son saka wa motata, irin ta yayanka."

Safiyo ya taɓe baki. In dai wurin nuna sani ne, irinsa ko a gidan makoki ba ya iya yin shiru.

"Wannan ai abin wasan yara ne, allonta bai kai tafin hannu ba. Ni ko na hau motar cire ta nake yi. Kwamfutar cinya ita ce magana. Taswira ɓaro-ɓaro, har iyakar filaye kana gani."

"A cinya kake ɗora ta kana tuƙi?"

"Haba dai. A kujerar gefe, in juyo da allon wajena, in ɗaure ta da bel don kada…"

Maganar ta maƙale masa. Sufeto ya miƙe, murmushin nan ya ɓace.

"Ɗauko ta."

"Tana wurin gyara."

Kofur ya jawo jakar da ke ƙarƙashin tebur. Kwamfutar na ciki, allonta ya tsage, marfin ya karye ta gefe ɗaya.

Sufeto ya buga tebur har taswirori suka zame. "Mace tana sharar titin da kake bi, ka taka ta, ka gudu, sannan ka tura yayanka ya ɗauki laifinka. Wane irin mutum ne kai?"

Safiyo ya zube a kujera.

"Taswirar ce ta tsaya. Na duƙa in taɓa ta, wallahi ɗan duƙawa kaɗan na yi. Da na ɗago sai na ji ƙara. Na ce wa Yaya ni ne mai riƙe da gida, in aka kama ni kowa ya shiga uku."

"Miƙo hannunka."

Da suka iso caji ofis da shi cikin ankwa, dattijo ya taso ya riƙe rigar Sufeto.

"Don Allah ku bar ni a madadinsa. Innarmu ta tsufa, shi ne hasken idonta. Me zan je in gaya mata?"

Sufeto ya cire hannun daga rigarsa a hankali. Tausayin dattijon yake ji, amma haushinsa ya fi yawa. Ya nuna masa wata budurwa da ke zaune a benci, an kira ta ta zo ta karɓi gawar mahaifiyarta, mai sharar nan.

"Kai kana da innar da za ka je ka gaya wa. Je ka tambayi waccan ita wa za ta gaya wa."

Dattijo ya dubi yarinyar. Kofur ya tasa ƙeyar Safiyo zuwa bayan kanta.