Tabarma Uku Ƙarƙashin Bedi

Alkasum ya fara ganin Sakina ne tana yayyafa wa buhun da ta naɗe randa da shi ruwa, wata Lahadi cikin bazara, a gidansu da ke Kara-Kara. Yayanta Nasiru ne ya jawo shi, don a lekwal ɗaya, wato makaranta, suke koyarwa. Ya zaci walima zai tarar, sai ya ga tabarma uku ƙarƙashin itacen bedi, wato dogon yaro, da ƙwaryar fura da kankana, kowane baƙo da ɗan abin da ya riƙo. Mai masaukin ma tana zaune cikin mutane tana dariya.

"Mushe, ga ludayi ga ƙwarya," Sakina ta ce masa, da laƙabin da ake kiran malaman lekwal. "Nan kowa yi wa kansa yake, zafin rana ya ishe mu wahala."

Tun daga ranar, Lahadi ba ta sake wuce bawan Allah ba. Wata rana ya tura mata saƙo: "Sanyin idona, furarki ta hana ni cin tuwon gidanmu."

Ta amsa: "Mushena, furar kasuwa ce, nono kawai na zuba. Nemi wani dalilin."

Dalilin kuwa ya faɗa mata, ita ma ba ta ƙi ba.

Matsalar tana gida. Mahaifiyarsa Hajiya Fanta mace ce da baƙonta ba ya tashi sai ya ga kwano bakwai, ita kuma tana madafi har a yi sallama.

"Yarinyar da baƙi za su zo ta miƙe ƙafa?" ta ce. "Raguwa ce, ba za ta shigo mini gida ba."

Hankalin Alkasum ya tashi, don ba zai yi auren da uwarsa ba ta sa wa albarka ba, kuma ba zai iya rabuwa da Sakina ba. Da ƙyar ya shawo kanta ta yarda za ta je gaida mahaifiyar Nasiru.

Sakina ta rubuto: "Tsoro nake ji. In yanka kaji?"

"Kada ki canza komai, sanyin idona," ya amsa.

Ranar Lahadi, Hajiya na gama gaisuwa ta naɗe hannun riga ta nufi madafi, don ƙafarta ba ta san wata hanya ba. Ta tarar da murhu a sanyaye. Sakina ta durƙusa.

"Hajiya, yau murhu ma hutawa yake. Ga tabarma."

Hajiya ta zauna tana cin magani. Kusa da ita sai ga Safiya, ƙawarta tun ƙuruciya, wadda ke zuwa zaman duk mako. Safiya ta lalubi ludayi sau biyu ba ta same shi ba, sai da Sakina ta sa mata a hannu.

"Safiya, me ya sami idonki?"

"Shekara guda ke nan ganina yana tafiya. Sau uku na zo gidanki in faɗa miki, Fanta, kina can kan tukunya."

Alkasum ya ga hawaye na zubo wa uwarsa. Ta matsa ta riƙe hannun ƙawarta, ba su saki juna ba har aka kira la'asar.

A hanyar gida ta ce, "Shekara talatin ina ciyar da mutane, ban zauna na ji ko ɗayansu ba. Ka gaya wa kawunka ya shirya goro."

Bayan babbar Sallah aka ɗaura auren. Ranar wuni, Hajiya ta bar wa 'yan'uwa tukwane, ta zauna kan tabarma, Safiya a damanta, amarya a hagunta.

"Allah Ya sanyaya gidanki, 'yata," ta ce, "kamar yadda kika zaunar da ni."

Duk wurin aka amsa da amin.