Ki Ɗauke Hannunki

Babu maganin da ya kai hannun matar da ke son mijinta. Inna ce ta yanke wannan hukunci a bakin gadon asibiti, ranar da aka ce ɗanta Injiniya, wanda ya faɗo daga saman gini, lakarsa ta taɓu amma ba ta tsinke ba. Dangi suka gyaɗa kai, idanu suka koma kan matarsa, Malama.

Malama ta ɗauki aikin da gaske. Ita ke ɗaga shi daga gado zuwa keke, ita ke gyara masa ƙafa a kan matashi, ita ke miƙo kofi tun bai gama kallonsa ba. A gida ƙafafun Injiniya kamar na aro suke.

A ɗakin gashin ƙashi kuwa, sai ka ce an canza mutum. Akwai wata likita doguwa mai tsadar murmushi da ke rataye shi da ɗamara a kan injin tafiya, ta riƙe masa gwiwa. A gabanta ƙafar dama takan ɗaga, ta sauka, ta sake ɗagawa. Malama na kan benci, jaka a cinya, tana nazari: ƙafar da ta ƙi motsi don matar gida, me ya sa take rawa don baƙuwa? Ta lura ranar asibiti ce kawai yake neman turare. Ta lura har gemu yake gyarawa.

Da ta yi masa maganar, ya ce, "Haba, rabin raina... ni da ko banɗaki sai da ke, ina zan kai neman aure?"

Dariyar ta zo masa da sauƙi. Wannan ma ta ajiye shi a ranta.

Ta tare likitar a baranda, cikin irin ladabin da ba ya ɓoye komai, ta nemi sanin sirrin. Likitar ba ta ko ɓata rai ba. Ta ce laka tana koyo kamar ɗalibi. Ragowar jijiyoyin da suka tsira sukan nemi sabuwar hanya, amma sai an ɗora musu nauyi, an maimaita har a gaji. Duk aikin da aka yi wa majinyaci, darasi ne lakar ta rasa.

"Ki tsaya kusa don kada ya ji rauni," in ji ta. "Amma ki ɗauke hannunki."

Washegari Inna ta shigo falo ta tarar da ɗanta riƙe da ƙarfen tafiya, zufa na ɗiga daga haɓarsa, matarsa kuma tsaye, hannuwa a baya. Malama ta yi bayanin umarnin likita. Inna ta ce duk macen da ta gaji da jinya ba ta rasa likitan da za ta jingina wa magana. Ƙannensa mata suka fara tambayar juna wa ke yawan kiran Malama a waya.

Wata rana da hantsi Injiniya ya zame ya zauna dirshan a gindin kujera. Ya miƙo hannu. Ba ta karɓa ba.

"Malama, faɗa min gaskiya... kin gaji da ni ne?"

Ta san in ta buɗe baki da rarrashi, hannunta zai bi bayansa.

"Jawo ƙafar hagu," ta ce. "Dafa kujerar."

Ya dafa, ya miƙe, bai sake kallon ta ba har yamma.

Ranar da ya ratsa falon da sanda kaɗai, gidan ya cika. Inna ta shaida wa baƙi cewa addu'ar uwa ce ta tashe shi, tunda wasu naɗe hannu suka yi. Injiniya ya gode wa Allah, ya gode wa Inna, ya gode wa likita. Idonsa ya zo kan matarsa, ya ɗan tsaya, ya wuce.

Malama ta kwashe kofuna ta shiga kicin, ta buɗe famfo ya yi ƙara. Daga falo wata ta ce sukari ya ƙare.

Ta goge fuska da gefen mayafi.

"Ga ni nan zuwa," ta ce.