Ɗakin da Ba Shi da Ƙofa ta Tudu

Na san Mai Zane tun yana yawo da takardunsa a hammata. Masaukin shaƙatawa ya zana a bakin tafki: ɗakunan katako a kan turaku, rufin ciyawa, ba a sare ko bishiya ɗaya ba, har daga kwalekwale ba ka bambance gini da daji. Kowa ya yaba, babu wanda ya zuba jari. Shi kuwa haƙurinsa gajere ne.

Sai ya nufi wani boka da bukkarsa ke cikin kyauro a bakin tafkin. Akwai kan kada a rataye, da jan ƙyalle, da tukunyar baƙin ruwa mai motsi ita kaɗai. Bokan ya shimfiɗa zanen ya ɗora farce a gefen ruwa.

"Ƙara ɗaki nan. Daɓensa ya taɓa ruwa, ƙofarsa ta kalli tafki, kar ka yi masa ta tudu. Masu wurin za su sauka."

"Me zan riƙa ba su?"

"Za su ɗiba cikin abin da kake kawowa da hannunka."

"Raguna?"

"Kai ka faɗa."

Ya ƙara ɗakin. Masu kuɗi suka yi ta layi, gini ya tashi, baƙi suka cika shi. Raguna kam ya kai, ba a taɓa su ba. Amma Mai Zane mutum ne mai son a ga aikinsa. Duk hutu sai ya kwaso iyalinsa, ya riƙe hannun autarsa yana nuna mata gadojin da ya ƙi sa wa ƙarfen kariya don kar su ɓata kallo.

An tsinci gawar Auta da hantsi a ruwan da bai kai gwiwa ba. Bayanta ƙanin Mai Zane, sannan babban ɗansa, gwanin iyo. Matarsa ta ɗauki tsintsiya tana share ruwa daga busasshen falo, har yau ba ta ajiye ba.

Na je gaisuwa. Bai yi kuka ba.

"Ka ga yadda haske ke faɗawa kan barandar can?" ya ce. "Daidai yadda na zana."

Ni ma ban ji komai ba, sai sanyi.

Yanzu ciyawa ta haɗiye wurin, masunta ba sa bi ta nan. Kai mai gaggawar arziki, ka ji tsoron Allah. Boka ba ya karɓar abin da za ka iya sake saya.