Ɗigo Ɗaya a Takardar Likita

Ranar Alhamis da hantsi, a damina ta uku bayan samun 'yancin kai, rahoto ya iso ofishin Sufeto Awwalu Tukur. Wata matar aure a Nasarawan Doya, Ummuhani, ta sha maganin farfaɗiya ta kwanta, ba ta sake tashi ba.

Ya tarar da mijinta Usmanu, manomin rake, zaune a zaure, riƙe da kwalba. Sai da suka gama ta'aziyya sannan ya fara tambaya.

"Nawa ta sha?"

"Cokali ɗaya, ranka ya daɗe, yadda aka rubuta. Da hannuna na ba ta."

"Wa ya haɗa maganin?"

"Kemis ɗin Sa'idu, a Makarfi. Jiya na kai takardar likita."

"Wa na ce, ban ce ina ba."

Usmanu ya sunkuyar da kai. "Kwananta ne ya ƙare, Sufeto."

Sufeto ya juya kwalbar. An rubuta umarnin da ajami, da tawadar allo. Ya san hannun: mai shi ne ya fara rubuta masa bisimilla shekara talatin da suka wuce. Malam Bobbo ne, mahaifin Sa'idu.

A Makarfi, Sa'idu bai jira tambaya ba.

"Ni na haɗa. Kuskurena ne. Sa mini ankwa."

"Gaggawar me kake yi? Yaushe ka koma rubutu da tawadar allo?"

"Alƙalamina ne ya ƙafe."

Sufeto ya ɗaga kai ya dubi lasisin da ke rataye a bango, wanda doka ta ce mai shi kaɗai ke da ikon haɗa magani. Hatimin sabuntawa na Zariya yana ɗauke da kwanan watan jiya.

"Jiya kana Zariya, kana kuma nan kana awo? Wa ka bar wa makullin kabad?"

Sa'idu ya kau da kai.

Takardar likita na soke a jikin ƙusa. An rubuta a zuba garin maganin awo 1.0 a cikin kwalbar, wato awo ɗaya tak. Amma tulun garin da ke cikin kabad ya kusa komawa fanko.

Sufeto ya daɗe yana kallon lambar, har idonsa ya daina ganin ta da boko, ya koma ganin ta yadda aka koya masa a zauren karatu. A lambobin Larabci ɗigo shi ne sifiri, da'ira kuwa biyar ce.

Da zai karɓi ƙaryar Sa'idu, da fayil ya rufu, dattijo ya mutu da mutuncinsa, ɗan ya tafi kurkuku kan abin da bai aikata ba. Yana cikin auna wannan, ƙofar baya ta buɗe, Malam Bobbo ya shigo yana dogara sanda.

Sufeto ya cire hula ya durƙusa. "Allah gafarta Malam. A karanta mini wannan."

"Baba, don Allah kada ka ce komai!" in ji Sa'idu.

Malam ya matso da takardar kusa da ido. "Ɗari da biyar."

"Ɗaya ne, Malam."

Sandar ta faɗi ƙasa. Ba wanda ya ɗauka.

"Bawan Allah ya zo daga nesa," in ji Malam a hankali. "Ya ce ciwon ya taɓa kayar da matarsa a bakin murhu. Shekara biyar ina zaune ina kallon yaron nan yana awo, na ce ba zan mayar da shi hannu wofi ba. Sau biyu na maimaita awon, Awwalu, don kada in tauye mata haƙƙi." Ya juya ga ɗansa. "Kai kuma, ban koya maka ƙarya ba, ko don ni."

Sufeto ya sauke lasisin daga bango, ya kulle kabad, ya sa makullin a aljihu. Ankwar ba ta fito ba. Shi da kansa ya gyara wa malaminsa takalma a bakin ƙofa, ya riƙe masa hannu zuwa mota.

Sun wuce gonakin rake kafin Malam ya sake neman takardar. Ya ɗora yatsa a kan ɗigon.

"Ni na koya maka cewa ɗigo ɗaya ne ya raba jim da ha," ya ce. "Har na doke ka a kansa."

"Na tuna, Malam."

"To, a biya da ni Nasarawan Doya tukuna. Ina da magana da mijinta."