Wanda Ya Sa wa Kuroiwa Takalmi

Gari bai gama wayewa ba aka bugo waya ofishin 'yan sanda na bakin tashar jiragen ruwa, aka ce an tsinci gawar Kuroiwa Shinpei a filin wasan ƙanƙara na ƙungiyar hoki ta Umineko.

Sufeto Urushibara ta ajiye shayinta ba ta kurɓa ba, ta ɗauki rigar sanyi, ta kira Saje Mikami.

A garin nan na gabashin tsibirin Hokkaido babu wanda za a yi wa bayanin Kuroiwa. Ɗan masunci ne, ya koyi hoki, wasan sanda na kan ƙanƙara, a kan daskararren kududdufin bayan makarantarsu, da takalman yayansa da aka cusa wa tsumma. Tun yana saurayi Umineko ta ɗauke shi ɗan baya, aikinsa kuma ɗaya ne: duk wanda ya taɓa ɗan wasansu, Kuroiwa ya haɗa shi da katanga. Haƙoransa na gaba a filin suka zube. Hotonsa yana kan kowane gwangwanin kifi na kamfanin da ya mallaki ƙungiyar. Yanzu ya haura talatin da biyar, bai bar wasa ba.

Sun same shi kwance rigingine kusa da katangar fili, da kayan atisaye da takalman ƙanƙara masu wuƙa a ƙasa, babu hular kwano, ƙeyarsa a fashe. Manajan ƙungiyar, Tokunaga, yana tsaye a bakin fili cikin kwat mai tsada, hannunsa na dama cikin aljihu. Ya sunkuya ya gaishe su, ya ce shi a birnin Sapporo ya kwana wajen taron kamfani, dawowarsa ke nan masu shara suka tare shi da labari. Kuroiwa yana da mabuɗi, in ji shi, yakan zo atisaye shi kaɗai. Sai ya rage murya ya ce ba ya son ɓata sunan mamaci, amma mutumin ya kama shan barasa, har ga kwalba can a akwatin kayansa.

Sufeto ta shiga filin. Ta tsuguna tana duban ƙanƙarar. An share ta an zuba sabon ruwa bayan atisayen jiya, tana nan sumul kamar madubi.

"Mikami, ka taɓa hawa ƙanƙara?"

"Ranki ya daɗe, a garin nan aka haife ni."

"To nuna mini inda wuƙar takalminsa ta tsaga."

Saje ya bi filin da ido daga ƙofa har inda gawar take. Babu zane ko ɗaya, sai wasu layuka biyu dishi-dishi irin na ƙafar baro. Jinin da ke ƙarƙashin kan ma bai taka kara ya karya ba.

"Sai dai in ta sama ya shigo," in ji Saje a hankali.

Matar mamacin, Fumie, ta karɓe su a ɗan gidansu na bayan kasuwar kifi. Ta riga ta kunna turare gaban hoton mijinta. Ba ta yi kuka ba, ta zuba musu shayi. Da Sufeto ta ambaci kwalba, sai ta ɗago kai ta ce tun bara bai sa barasa a baki ba, saboda maganin ciwon kai da yake sha.

Daga nan magana ta ɓalle mata. Ta ce ya fara manta hanyar gida daga filin da ya yi rayuwarsa a ciki. Wata rana ya kira 'yarsu da sunan ƙanwarsa da ta rasu. A wasan watan jiya aka buga kansa da katanga, ya yi amai a ɗakin sauya kaya, likitan ƙungiya ya yi masa allura aka mayar da shi fili, 'yan kallo suna tafi suna kiran sunansa. Da kansa ya je asibiti a ɓoye, aka ce masa bugu ɗaya ya rage tsakaninsa da kabari. Jiya ya fita ya ce bayan atisaye zai ga manaja ya ajiye wasa, kuma zai faɗa wa hukumar gasar yadda ake yi da su, don kada a mayar da sauran 'yan wasa kamar shi.

Sufeto ta nemi izini, ta nuna mata hoton ƙafafunsa kaɗai.

Fumie ta daɗe tana kallo.

"Wa ya sa masa takalmin nan?"

"Me kika gani, Fumie-san?"

"Safa. Shinpei ba ya sa safa a takalmin wasa, da tsirarar ƙafa yake shiga, wai ya fi jin ƙanƙarar. Abokansa har tsiya suke masa saboda warin. Wannan safar da ya fita da ita ce, ni na wanke ta."

A mota Saje ya ce ke nan duk wanda ya taɓa zama a ɗakin sauya kaya ya san wannan. Sufeto ta ce haka ne, don haka mutumin da suke nema ba ɗan ɗakin ba ne.

Kafin rana ta take likitan gawa ya bugo. Babu ɗigon barasa a jinin Kuroiwa. Raunin ƙeyar miƙaƙƙe ne kamar bakin matakala, akwai ɓurɓushin siminti a ciki. Akwai kuma wani abu na uku da ya faɗa, wanda Sufeto ta riƙe a ranta tukuna. Saje ya koma filin, ya tarar matakalar baya da ke hawa ofishin manaja tana ta ƙamshin ruwan wanke ƙasa, alhali masu shara sun ce ba su taɓa ta ba.

Koci Tsurumaki suka samu a shagon taliya da ke daura da filin, kwano a gabansa ya huce. Shi ne ya yi wasa kafaɗa da kafaɗa da Kuroiwa kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Ya ce ana gama atisaye ya tafi gida, bai ga kowa ba, bai ji komai ba. Da aka tambaye shi allurar watan jiya, ya ce wannan aikin likita ne. Da aka tambaye shi barasa, ya kalli kwanonsa.

Talabijin ɗin shagon yana kunne. Sai ga Tokunaga a labaran rana, ya sunkuya gaban 'yan jarida, yana cewa ƙungiya ta yi iyakar ƙoƙarinta a kan matsalar shaye-shayen marigayin, kuma wasan Asabar yana nan, za a buga shi don girmama shi. Mai shagon ta yi tsaki ta juya baya.

"Ka ji," in ji Sufeto. "'Yarsa za ta koma makaranta a matsayin ɗiyar mashayin da ya zame ya fasa kai. Sau nawa ya tare maka duka, Koci?"

Tsurumaki ya rufe fuska da tafukansa. Da ya buɗe, ya ce ƙarya ya yi. Ya koma ɗaukar wayarsa da ya manta, ya ji Kuroiwa da manaja a saman matakala, manaja yana ihu wai gasar ƙarshe ta zo, kamfani yana neman dalilin rufe ƙungiyar, Kuroiwa zai jefa kowa a titi. Motar manaja tana waje. Shi kuwa ya ɗauki wayarsa ya sulale.

"Ni na ce masa ya tashi ya koma fili ranar da ya yi aman," in ji shi. "Na ce ai mu haka muka yi."

"Za ka maimaita wannan a gaban alƙali," in ji Sufeto. Ba ta yi masa sallama ba.

Tokunaga yana ofishinsa yana ta amsa waya da hannun hagu. Ya yi musu tayin kujera, Sufeto ta ƙi zama.

"Wane masauki ka sauka a Sapporo?"

Ya faɗi suna. Saje ya ce sun buga can, ba su san da zuwansa ba, kuma taron kamfanin sai mako mai zuwa.

"To, gidan wani aboki na kwana. Na ruɗe ne."

"Fitar da hannunka daga aljihu."

Ya fitar a hankali. Wuyan hannun ya kumbura ya yi shuɗi.

"A banɗaki na zame."

"A ƙanƙara ka zame, da takalmin ofis, kana tura baron kaya da mutum a ciki. Ka taɓa buga hoki, Tokunaga-san?"

"Ni ɓangaren talla na fito."

"Na sani. Shekara da shekaru kana sayar da fuskarsa, amma ba ka taɓa shiga ɗakin da yake cire takalmi ba. Da ka shiga ko sau ɗaya, da ba ka bar masa safa ba."

Ta gaya masa abin da Koci ya ji, da simintin da ke cikin raunin, da matakalar da aka wanke. Tokunaga ya zauna a hankali. Ya ce shi bai yi niyyar kisa ba. Kuroiwa ya juya zai sauka, shi kuma ya finciko rigarsa, da ya ƙi tsayawa ya hankaɗa shi. Wa zai zaci ƙato irin wannan, wanda maza suke karo da shi su faɗi, zai tafi da baya haka? Sai ya ɗauko takalman daga akwatinsa ya sa masa, ya kai shi fili, ya ajiye masa a akwatin kwalbar barasar da wani ya ba shi kyauta.

"Ya tafi da baya ne saboda jiri," in ji Sufeto. "Jirin ciwon kan da ya hau matakalar don ya faɗa maka. Da ka sa masa takalmin, yana numfashi?"

Tokunaga ya dafe kumburin hannunsa.

"Likita ya ce ya daɗe da rai a kan ƙanƙarar nan. Asibiti yana tsallaken titi. Da ka ɗaga wayar da ke gabanka, wataƙila da yanzu yana kwance matarsa tana masa faɗa."

"Ya riƙe mini hannun riga," in ji Tokunaga. "Na ɗauka ba zai kai ba ko an kira 'yan asibiti. Ni ƙungiyar nake ceto, mutane nawa ne ke ci a nan."

Saje ya sa masa ankwa, bai damu da kumburin ba. Tokunaga ya roƙi a fitar da shi ta ƙofar baya, don ya hango ta taga mutane sun cika gaban filin: masunta da takalman roba, matan kamfanin gwangwani da hulunan aiki, tsofaffi sanye da rigar ƙungiya, kowa yana ajiye fure a bakin ƙofa.

"Ƙofar baya a rufe take, wurin bincike ne," in ji Sufeto.

Suka fito da shi ta gaba. Babu wanda ya yi ihu, babu wanda ya ɗaga hannu. Mutane suka dare gida biyu, suna kallonsa yana tafiya kai a ƙasa. Wata 'yar jarida ta miƙo makirufo ta tambayi Sufeto ko gaskiya ne marigayin a buge yake.

Sufeto Urushibara ta tsaya, ta jira har kyamara ta juyo kanta.

"Ƙarya ce. Kuroiwa Shinpei da hankalinsa ya hau matakalar nan, ya je ya ce a daina kashe 'yan wasa. Ki rubuta haka."

Ta buɗe ƙofar mota, ta danna kan Tokunaga ya shiga.