Yadda Kwamfuta Ke Cewa A'a

A gida Auta ake ce mata, a makaranta ma sunan ya bi ta. Yarinya ce mai kirki, sai dai hannunta ba ya zama wuri ɗaya. Abu in dai yana da maɓalli, to, sai ta danna.

Yayanta yana da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka. Murfinta ya tsage a gefe, an liƙe shi da salatif. Kullum yana ce mata, "Auta, kallo da ido. Ban da taɓawa."

Wata safiya Yaya ya fita da wuri. Auta ta dubi hagu, ta dubi dama, ta zura kwamfutar a jakarta. Akwai wani fim ɗin zane da take mutuwar son gani. Intanet ɗin gida ba shi da ƙarfi, na makaranta kuwa gudu yake yi. Kalmar sirrin ma ta sani, don ta taɓa leƙen yatsun Malamar kwamfuta.

Da aka fita hutu, ta laɓe a ƙarƙashin tagar ɗakin kwamfuta. Ta shiga intanet ɗin makaranta, ta danna sauke fim. Da ma ɗaya ta danna, da sauƙi. Ina! Duk sassan fim ɗin ta danna, daga na farko har na ƙarshe.

Sai aka buga ƙararrawa. Ta rufe murfin da sauri, ta mayar da kwamfutar jaka. A tunaninta rufe murfi shi ne kashewa. Ba ta san Yaya ya saita ta ba, ko an rufe ta aikinta take ci gaba da yi.

Ranar kuwa babbar rana ce. Za a yi gasar kacici-kacici da wata makaranta mai nisa, ta allon bango. Wadda za ta wakilci ajin ita ce ƙawar Auta, abokiyar zamanta a benci. Tabarau ake ce mata, saboda gilashin da take sakawa. Tun farkon zango take karatun gasar nan, har ta rame.

Aji ya shiga ɗakin kwamfuta. Malama ta kunna allo, fuskar alƙalin gasa ta bayyana. Ya buɗe baki zai gaishe su, sai hoton ya tsaya cak. Ga alƙali nan baki a buɗe, ido ɗaya a rufe.

Yara suka fashe da dariya. Malama ba ta yi dariya ba.

Can sai saƙo ya shigo a rubuce. Idan hoto bai gyaru ba kafin layi ya zo kansu, za a ɗauka ba su halarta ba.

Hedimasta ya shigo yana share gumi. "Malama, me ke faruwa?"

"Yallaɓai, wata baƙuwar na'ura ce ta shigo mana. Ita ke shanye intanet ɗin duka."

"Wa ya shigo da waya makarantar nan?"

Kamar an shirya, sai ga waya ta hau ƙara a aljihun Tabarau.

Hedimasta ya miƙa hannu. Ya karɓi wayar, ya kashe ta. Hoton bai motsa ba.

"Kin gani? Kin riga kin ɓata komai. Koma baya ki zauna. Kin fita daga gasa."

"Wallahi, Yallaɓai, Baba ne ya ba ni don in gaya masa sakamako. Ban shiga intanet da ita ba!"

Hawaye suka cika mata gilashi. Ta cire shi tana gogewa da bakin riga.

Auta ta ji tausayinta. Amma a ranta cewa ta yi, "Ni dai na kashe tawa." Sai ta gyara jakar a cinyarta. Jakar da ɗumi. Ta ɗan sunkuya, ta ji wani siririn huci yana fita daga ciki.

Ta rungume jakar, ta ja bakinta ta yi shiru.

Malama ta ce, "Yallaɓai, ka ba ni ɗan lokaci kafin a yanke hukunci. Yara, kowa ya rufe ido."

Suka rufe. Ta zaga a hankali, ta dafa kafaɗar wani yaro. "Kana son ƙarin aikin gida?"

"A'a!"

Aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Dogo ne!"

Ta dafa wani. "Kai fa?"

"A'aaa, Malama."

"Sarkin Barci!" Har Hedimasta sai da ya murmusa.

"Ku buɗe ido. Kalma ɗaya suka faɗa. Ba su faɗi sunansu ba. Yaya aka yi kuka gane su?"

Wata yarinya ta ce, "Ai kowa da irin tasa a'ar, Malama."

"Madalla. To, na'urori ma haka suke."

Ta zauna gaban kwamfutarta, ta danna wasu maɓallai. Allon bango ya koma baƙi. Sai ga layuka suna gangarowa, fari da ja, ba tsayawa.

Yara suka saki baki. Dogo ya ce, "Tabɗi! Mene ne wannan?"

"Hirar na'urorin ɗakin nan ce. Kullum haka suke yi, mu ne ba ma ji. Ba na karanta abin da ke cikin saƙonninsu. Bayan ƙunshin kawai nake dubawa."

Auta ta dubi kwamfutocin da ke jere jikin bango. Kullum tana ganinsu shiru, kamar ba su san komai ba. Ashe surutu suke yi fiye da 'yan ajin nan!

Malama ta nuna jajayen layukan. "Na'ura takan aika magana a ƙananan ƙunshi. Idan ta ga ba ta son ci gaba da wata hira, sai ta aika ɗan ƙaramin ƙunshi guda. Ma'anarsa, 'A'a, na yanke, kar a sake.' Jajayen nan su ne."

"To, ta yaya za ki gane mai a'ar?" in ji Hedimasta. Ya jawo kujerar yara ya zauna, gwiwoyinsa a sama.

"Kowace na'ura tana da babbar manhaja, wadda ke tafiyar da komai a cikinta. Ita ke ɗaure ƙunshin, kuma kowace iri da yadda take ɗauri. Misali, tana ba kowane ƙunshi guzuri. Lamba ce. Duk mahaɗar da ya wuce a hanya, sai a cire ɗaya. Wata manhajar guzurin sittin da huɗu take bayarwa. Wata kuma ɗari da ashirin da takwas."

"Ko tana fushi sai ta ba da guzuri?" in ji Sarkin Barci.

"Ko tana fushi. Ba ta iya bari ba, haka aka gina ta."

Ta sa yatsa a kan wani layi. "Ga a'ar kwamfutocinmu. Karanta, Dogo."

"Sittin da huɗu."

Ta ciro wayarta daga jaka. "Tawa irin ta Tabarau ce." Ta buɗe wani shafi, ta rufe shi da sauri. Wani jan layi ya faɗo.

Aji ya karanta tare, "Sittin da huɗu!"

"Yanzu ga baƙuwarmu. Hira take da wurare da yawa, shi ya sa take yawan yankewa."

Layukan baƙuwar sun cika allo. Yara suka matso. Wani ya yi ihu, "Ɗari da ashirin da takwas!"

"Akwai wasu alamomin ma a jikin ƙunshin, kuma duk abu ɗaya suke nunawa. Yallaɓai, wannan ba a'ar irin wayar nan ba ce. Ta fi kama da ta kwamfuta, kuma ba irin namu ba."

Hedimasta ya girgiza kai. "Ikon Allah! Ba ki tambaye ta ba, ba ki taɓa ta ba?"

"Saurare kawai na yi. Ita ba ta ma san ina ji ba."

Ya juya wajen Tabarau. "'Yata, na yi gaggawa. Ki yi haƙuri, koma kujerarki." Sannan ya ce, "To, Malama, ta wace ce?"

"Wannan kam ban sani ba. Ƙunshin nan dangin na'ura kawai yake gaya mini, ba sunan mai ita ba. Zan iya sa a toshe ta, amma kafin masu gyara su amsa kira, an gama gasa."

Auta ta ji wannan da kunnenta. Babu wanda ya san ita ce. In ta yi shiru, shi ke nan.

Ta dubi Tabarau. Ga ta ta koma kujerar gasa, ta gyara gilashi, ta ɗora hannuwa a kan tebur. Amma allon da za ta yi magana da shi a sandare yake. Wani saƙon ya shigo: layi ya kusa zuwa kansu.

Auta ta miƙe.

"Malama, ni ce."

Ta zuge jakar, ta ciro kwamfutar Yaya. Kwamfutar ta yi zafi kamar dutsen guga.

"Na ɗauka in na rufe murfi ta mutu. Da na ji ɗuminta na gane, amma na ji tsoro."

Malama ba ta ɓata lokaci ba. "Buɗe ta. Tsayar da wannan. Yanzu danna nan, ki kashe ta da kyau."

Hucin ya ɗauke. A allon bango, layukan baƙuwar suka tsaya. Malama ta mayar da hoton gasa. Alƙali ya rufe bakinsa, ya buɗe ɗaya idon, ya ce, "Kuna jina kuwa?"

"Muna ji!" Ihun ya kusa ɗaga rufin ɗakin.

Tabarau ta amsa tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Ajinsu ya wuce zagaye na gaba.

Auta ba ta tsira daga hukunci ba. An canza kalmar sirri, an kira Yaya ya zo ya karɓi kayarsa. Ita kuma aka ce za ta riƙa goge ƙurar ɗakin kwamfuta har ƙarshen wata.

A gida Yaya ya yi ta faɗa. Ta ba shi haƙuri, kanta a ƙasa. Da ya huce, ta ba su labarin jajayen layuka da guzuri, shi da Mama. Yaya ya manta yana fushi, ya hau tambayarta.

Mama ta yi dariya. "Wannan ilimin ai mu iyaye mun riga kwamfuta. Ke in kin yi ɓarna, a'arki gajera ce, kuma ƙasa kike kallo."

"Kai, Mama!"

"Zo nan. Ɗaukar kayan yayanki laifi ne. Leƙen kalmar sirri laifi ne. Amma shirun da kika yi ƙawarki na kuka, shi ya fi ba ni ciwo. Idan kin yi kuskure, ki faɗa da bakinki tun bai faɗa kan wani ba. Na ji daɗi da kika tashi, ko da kin makara."

Washegari Auta ta isa aji tana jan ƙafa. Ta tsaya a bakin benci, ta kasa zama.

"Tabarau, ki yafe mini. Na bar ki kina kuka."

Tabarau ta dube ta ta saman gilashi.

"Na ji haushinki sosai jiya," in ji ta. "Amma babu wanda ya san ke ce, kuma kika tashi."

Ta janye jakarta daga kan bencin.

"Zauna. Akwai zagaye na gaba, kuma ke za ki riƙa yi mini tambayoyi."