Ranar da Ewald Ya Yi wa Kansa Ɗuri

"Kowa ƙasa! Ƙasa na ce!"

Ewald Pritzkow ya banke ƙofar kicin da kafaɗa, bakin bindiga a gaba. Ba kowa a ciki sai wata tsohuwa tana feraye dankali. Wuƙar ta suɓuce mata.

"Ni kaɗai ce, ɗan nan. Duk sun tafi coci."

"Mun sani, Iya. Shi ya sa muka zo. Ina garwar?"

"Wace garwa?"

"Iya, kada ki ɓata mini Lahadi."

Alwin Tesch ya shigo a bayansa, jakar fata rataye a wuya, ya mayar da ƙofar da diddige. Bai ko dubi tsohuwar ba. Idonsa na kan gidan harsashin da ke maƙale a gefen bindigar Ewald, kewayayye, nannaɗe, wanda sojoji ke kira katantanwa.

Ba shi ya ɗura ta ba. Cikin shekara biyar, yau ne karo na farko.

Bindigar ta iso musu a fagen daga a Faransa ne, a bazarar 1918, yaƙi na gab da ƙarewa. A takarda sunanta MP 18. A bakin sojoji, Mai-feshi. Gajera ce, an yi ta domin wanda zai dira cikin ramin abokan gaba, inda doguwar bindiga ke karo da bango kafin ka juya ta. Harsashi talatin da biyu take aman su kafin mutum ya ja numfashi uku. Saboda wannan cin nata aka ba kowace bindiga mutum biyu: mai harbi, da mai ɗuri da ke jan amalanken harsasai a baya. Katantanwa ba ta ɗuruwa da yatsa, sai da wani ƙarfe mai mariƙi, sai kuma haƙuri. Ewald ke harbi, Alwin ke ɗuri. Da aka ci ƙasarsu da yaƙi, aka raba sojoji da Mai-feshi aka bar wa 'yan sanda. Ewald ya naɗe tasa a bargo ya hau jirgin gida. Alwin ya bi shi da ƙarfen ɗuri a aljihu.

Yanzu kaka ce ta 1923. Kuɗin safe ba ya sayen burodin yamma. Mutanen birni na fitowa ƙauye da zoben aure da agogon kakanni, su koma da buhun dankali. Manomi Rabenhorst, mai wannan gida, yana zuba zobban da yake karɓa a garwar madara. Ita suka zo ɗauka.

Da safiyar nan Alwin ya shiga rumfar da suke ɓoye kaya, ya tarar da Ewald zaune da ƙarfen ɗuri, babban yatsansa na jini.

"Yau na hutasshe ka, mutumina."

"Tun yaushe ka iya?"

"Ina ganin kana yi. Karatun likita ne?" Ya miƙa hannu. "Kawo ƙaramar bindigarka ma. Kasimir zai riƙe a mota, shi ne a waje shi kaɗai."

Alwin ya ba shi. Ya gane karatun.

Sau uku Koraye, 'yan sanda masu koren kaya, na riga su wurin aiki. Bayan na biyu Ewald ya zargi Fiete, na huɗunsu, da kai musu labari. A hanyar dawowa ya ce masa ya sauka ya duba taya. A kwalbati aka bar shi. Sai ga Koraye sun sake zuwa, Fiete na kabari. Saura mutum biyu ke nan da za a zarga: Alwin, da Kasimir direba. Kasimir kuwa ƙanin matar Ewald ne.

Kafin su fita Alwin ya ɗaga murfin gwangwanin taba da ke kan kanta. Wayam. A ciki yake jefa tsofaffin harsasai na farkon yaƙi, masu dakakken baki. A ƙaramar bindiga suna tafiya lafiya. A katantanwa sai su cije. Shekara biyar yana tsince su ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa faɗa wa Ewald ba, don ba a taɓa tambayarsa ba. Ewald ya kwashe su duka ya haɗa da masu kyau.

Ya buɗe baki. Ya rufe.

In ya faɗa, Ewald zai sake ɗuri da masu kyau. To wa za a ce ya sauka ya duba taya yau?

"Tana ƙasa," in ji tsohuwar, tana nuna wata ƙofa a daɓe. "Bayan tulunan kabeji. Allah ya isa."

"Allah ya isa wa masu zoben dai, Iya." Ewald ya juya bakin bindigar kaɗan. "Alwin, sauka."

"Kullum kai ke sauka, ni in tsare ƙofa."

"Yau kai ne. Ko akwai wanda kake jira a ƙofar?"

"Wa zan jira?"

"Ni ma abin da nake tambaya ke nan."

Alwin ya sauka. Matakala tara. Kowace ɗaya yana jin bakin bindigar a tsakiyar bayansa kamar yatsa mai sanyi. Harsashin farko mai kyau ne ko dakakke? Bai sani ba. Ya lalubo garwar, ya rungumo ta. Nauyi kamar ɗan maraƙi, tana ƙara a ƙirjinsa.

"Ka daɗe," in ji Ewald.

"Duhu ne."

"Da ba ka tsoron duhu."

"Da ba ka tsayawa a bayana."

Tsohuwar ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ta ja kujerarta can jikin murhu.

A rumbun ciyawa da ke fuskantar gidan, Saje Kuhnert na kwance rubda-ciki tun hantsi da mutum biyar. Shi ma tsohon soja ne, shi ma Mai-feshi ce a hannunsa, ta hukuma.

"Yallaɓai, mu afka musu a ciki mana," in ji Kofur Wendt.

"Ka taɓa shiga ɗaki da waccan bindiga a ciki?"

"A'a."

"Shi ya sa kake da baki. A fili nake son su. Mai motar ya ce da sun fito zai ja."

"In ya yaudare mu fa?"

"Wanda ya sayar da mijin yayarsa sau uku? Zai cika na huɗu. Rufe baki."

Ƙofar kicin ta buɗe. Alwin a gaba da garwa, Ewald a baya. Akori-kurar na bakin shinge, taku arba'in, injinta na kunne. Sun yi taku goma sai ta motsa.

"Kasimir!" Ewald ya daka tsawa. "Kai! Ɗan iska, tsaya!"

Motar ta ƙara wuta, ta sha kwana, ta bar musu hayaƙi.

"'Yan sanda ne! Ku zubar da makamai!"

Wendt ya yi gaggawa, ya miƙe a bakin rumbun. Ewald ya juya daga ƙugu — tatatatat! Kofur ya ninke biyu ya faɗo kan keken shanu. Katako na tsagewa, kaji na tashi sama. Tatat —

Ƙas!

Shiru.

Alwin ya saki garwar. Murfin ya fice, zobba suka watse cikin taɓo. Su biyun suka dira bayan kwamin dutse da shanu ke shan ruwa. Harsasai suka bi su, dutse na tartsatsi, ruwa na fantsama a kansu.

Hannun Alwin ya riga tunaninsa. Ya zura cikin jaka ya zaro katantanwa, tasa, wadda ya ɗura shekaranjiya, kowane harsashi ya bi ta yatsunsa.

"Ga ta! Canza!"

Ewald bai karɓa ba. Yana jan ƙarfen bindigar, ya ƙi motsi. Ya dubi Alwin.

"Ba ka yi mamaki ba."

"Karɓi, Ewald!"

"Ta cije, ba ka yi mamaki ba. Ka san za ta cije."

"Na sani. Ka haɗa da dakakku, na gwangwanin taba. Ba sa bin katantanwa."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun safe."

"Ka yi shiru."

"Kai ma ka yi shiru! Ka karɓe mini bindiga, ka sa ni a gaba kamar ragon yanka. Me kake so in ce?"

Harsashi ya ɓare gefen kwamin, ɓarɓashi ya yanki kuncin Ewald. Bai shafa ba.

"Nawa suka ba ka?"

"Kai mahaukaci ne? Wa ya gudu da mota? Da idonka ka gani!"

"Yaro ne, ya tsorata."

"Tun kafin a yi harbi ya tsorata?"

Alwin ya ga maganar ta shiga kunnen Ewald, ya kuma ga ta fito ta ɗaya kunnen. Mutum ya fi son ya yi kuskure a kan aboki da ya yi gaskiya a kan gidansa.

"Wataƙila ku biyu ne."

"To mu biyu ne! Karɓi ka harbe ni da ita in mun fita. Suna zagayowa ta bayan rijiya!"

"Me ka sa a cikinta? Yashi?"

"Shekara biyar, Ewald. Ta taɓa cije maka sau ɗaya?"

"Shekara biyar ba ka taɓa yi mini shiru ba."

Ya ture hannun Alwin. Ya fizge tasa katantanwar, ya buga ta a dutse, ya zaro wuƙa yana ƙwaƙular harsashin da ya maƙale. Harsashin ya fita. Ya mayar da ita. A kwance ƙarfen ba ya jawuwa, sai ya tashi a kan gwiwa ɗaya.

"Kwanta!"

Kuhnert abin da yake jira ke nan. Tatatat! Gajeren feshi, irin na wanda ya san aikinsa. Ewald ya zauna daɓas, ya jingina da kwamin. Ya dubi ƙirjinsa kamar wanda miya ta zubo wa a riga. Ƙafarsa ta hagu ta yi shure-shure, ta daina.

Alwin ya ajiye katantanwar a ƙasa ya ɗaga hannu biyu.

A kicin ɗin suka zaunar da shi, da ankwa. Tsohuwar na tsakar gida tana tsintar zobba a cikin taɓo tana zubawa a zaninta. Kuhnert ya kori mutanensa, ya rufe ƙofa. Ya zazzage katantanwar Ewald a kan tebur, ya ware harsasan da yatsa. Dakakku goma sha ɗaya.

"Wa ya yi wannan ɗuri?"

"Shi."

"Kai ne mai ɗurinsa?"

"Tun Faransa."

"Kana raye ya yi wa kansa ɗuri?" Saje ya girgiza kai. "Ni nawa mai ɗurin ko ruwa ya miƙo mini ba na shinshinawa." Ya zauna, ya cire hula. "Wendt ya mutu. 'Ya'yansa uku. Ka san hukuncin wanda aka kama a fashin da aka kashe ɗan sanda?"

"Na sani."

"Faɗa in ji."

"Gatari."

"Gatari. A sare kai. Alƙali ba zai tambayi wa ya ja kunamar bindiga ba." Ya ɗauki dakakken harsashi ɗaya yana juya shi. "Amma a ce mai ɗuri ne ya gaji da zubar da jini. A ce shi ke aiko mana da labari. A ce yau ya cusa wa ogansa waɗannan da gangan, ya ceci mutanena huɗu. Wannan mutum ba ya zuwa wurin gatari."

"Ba ni ke aiko muku da labari ba."

"Na fi ka sani."

"To me ya sa?"

"Gobe duk gari zai tambayi wa ya sayar da Pritzkow. Dole in ba su suna. Mai motar yana da sauran aiki a wurina, akwai wasu irinku da ke neman direba." Ya mayar da hular. "Ba tausayinka nake ji ba, Tesch. Kanka ne ya zo daidai da ramin."

"In na ƙi fa?"

"Sai in nemi wata dabara, kai kuma ka nemi limamin coci. Motar ɗaukar gawa na hanya. Ka yanke shawara kafin ta iso."

Alwin ya dubi harsasan da ke kan tebur. Ta taga yana hango takalman Ewald sun leƙo daga bayan kwamin. Can nesa ƙararrawar coci ta fara kaɗawa, an tashi.

"Rubuta," in ji shi. "Ni na ɗura."

Shekara tara aka ba shi. An binne Wendt da tuta da busa. An binne Ewald a gefen maƙabarta, Kasimir ne a gaban akwatin, ya fi kowa kuka. Zobban da suka saura bayan taɓo da aljihun Koraye sun koma wa manomi Rabenhorst. Ko ɗaya bai koma yatsan da ya fito ba. A kurkuku labari ya riga Alwin isa. Watan farko aka karya masa haƙarƙari biyu a wurin wanka, ba wanda ya ga komai.

Matar Ewald ta zo sau ɗaya, cikin baƙaƙen kaya. Ba ta zauna ba. Gandiroba na tsaye kusa, kunnensa a buɗe.

"Abu ɗaya na zo ji, Alwin. A teburina ka ci abinci. Ka dube ni. Kai ka kashe shi?"

Ya dube ta.

"Ni ne."

Ta juya ta fita. Ya zauna yana jiran ya ji ɗacin ƙarya a bakinsa. Har aka zo aka mayar da shi ɗaki bai ji ba.